Ginshiƙin Gidan Datin Zaleha

Danau Kota, Kuala Lumpur
18 ga Afrilu, 2021

Zuwa ga Kawu Ashafa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kuna shan ruwa lafiya, kai da Inna Ɗelu da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Inna ta ce har yanzu kana hawa tsani, alhali likita ya hana. Ni ƙalau nake, sai zafin garin nan mai danƙo, ga azumi, ga takunkumi a hanci wuni guda saboda annobar nan.

Tunda kunnenka ya daina ɗaukar magana a waya, bari mu bi shawararka: ni in buga saƙo in turo, kai ka rubuta a takarda ka ɗauki hotonta.

Kawu, na sami aikin da nake ta addu'a a kai. Makaranta ta tura ni aikin gwaji na ƙarshen digirina na biyu a gidan wata mata, Datin Zaleha. Gidan kakanta ne ta gada a Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da dogayen benayen gilashi suka yi wa zobe. Shekararsa casa'in, katako ne tsantsa, a tsaye a kan ginshiƙai goma sha shida, yadda mutum zai shige ƙarƙashinsa ba tare da ya sunkuya ba. Wannan ƙarƙashin shi suke kira kolong. Datin tana so a bar sassaƙar tagogi da tsohon rufin yadda suke, amma ciki ya koma na zamani: kicin na marmara, banɗaki mai bahon dutse a sama, kolong kuma a zagaye shi da gilashi ya zama falo. Mahaifiyarta mai shekara tamanin da bakwai a gidan aka haife ta, kuma nan take so ta ƙarasa kwanakinta.

Kafintan da ke riƙe da aikin wani dattijo ne mutumin Jawa, Pak Sugeng, shi ma baƙo ne a ƙasar nan. Turancinsa kaɗan ne, ni kuma Malayancina na cefane ne, amma muna gane juna. Na nuna masa hotunan soron nan da ka yi wa ɗaurin guga, na ce wanda ya rene ni ne ya gina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan tukang ne na gaske." Tukang shi ne gwanin sana'a.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. A gindin ginshiƙin tsakiya, wanda suke kira tiang seri, kullum da safe sai in tarar da wani gari-gari mai launin ƙasa. In an share, washegari ya dawo. Datin ta ce ƙurar aiki ce. Na turo hotonsa don ka gani.

A gaida Inna.

Taka,
Ulfa


Kwarbai, Zariya
24 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Ulfa, 'yar Hureira,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Maganar tsani kuwa, sau ɗaya ne, kuma Ɗelu ce ma ta riƙe mini shi.

Na ga gidan. Waɗanda suka gina shi ba su yi gaggawa ba. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, da ta ga wannan rana.

Garin nan da kika ɗauka ba ƙurar aiki ba ce. Ƙurar aiki ba ta zaɓar gindin ginshiƙi ɗaya. Ko gara ce ko danginta. Ga abin da za ki yi. Ki sami ƙaramar guduma ki ƙwanƙwasa ginshiƙin tun daga ƙasa, taƙi bayan taƙi, har inda hannunki ya kai. Lafiyayyen itace amonsa gajere ne, kuma yana dawo miki da gudumar. Wanda aka cinye cikinsa amonsa kamar na ƙwarya a kife. Inda amon ya sauya, ki soka ƙusa ki ga iyakar shigarta.

Sannan ina da tambaya. Bahon dutsen nan, mutum nawa ke ɗaga shi? A ƙara ruwa, a ƙara mai wanka. Wanda ya kafa gidan tabarma da tukwane da jama'a ya sa a ransa, bai san za a hau masa da dutse ba.

Ki gaida tukang. Ki riƙa cin sahur da kyau.

Haza wassalam.
Kawunki Ashafa


Danau Kota
20 ga Mayu

Kawu,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi idi lafiya. Mu a ɗaki muka yi namu, don an taƙaita shiga masallatai. Lafiyata lau.

Na yi yadda ka ce. Daga ƙasa zuwa taƙi biyu amon gajere ne. Daga nan har ƙuguna, Kawu, ƙwaryar nan ce. Ƙusa ta shige har rabinta da turin babban yatsa kawai. Pak Sugeng yana tsaye, sai ya cire hularsa ya mayar.

Na sanar da Datin. Ta kira masu feshin ƙwari suka yi feshi. Injiniyanta yana killace a gida, don haka ta waya ya leƙa, ina zagaya masa da kyamara. Ya ce katakon cengal ne, ya fi wani ƙarfen, kuma sauran ginshiƙan za su raba nauyin. Da na ce a sauya ginshiƙin gaba ɗaya, fuskar Datin ta canza. Ta ce kakanta ne ya kafa shi da hannunsa, in aka cire shi gidan ya zama na wani. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ulfa, ke mai ƙawata ɗaki ce, ba injiniya ba. Zaɓa mini labule, lah."

Bahon kuwa mutum takwas ne suka hau da shi. An riga an kafa shi, taku uku daga kan ginshiƙin. Marmarar kicin ma ta hau.

Amma Kawu, ka ga kyau! Na ɓoye fitilu a bayan sassaƙar tagogi, inuwar furannin tana zuba a farin bango kamar zanen lalle. Tsohon akwatin shinkafar kakarta na mayar da shi teburin tsakiya. Datin ta shigo ta gani, ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Malamina ya ce wannan aikin zai iya buɗe mini ƙofofin da ban zata ba.

Ƙofar babban ɗaki ce kawai ta fara ƙin rufuwa. Pak Sugeng ya kankare samanta makon jiya ta daidaita, yau kuma ta sake cijewa. Wataƙila laimar damina ce.

Taka,
Ulfa


Danau Kota
27 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yafe mini shirun. Na ga takardarka ta ƙarshen Mayu, inda ka ce ba laima ba ce, a sauke bahon. Na nuna wa Datin, ta ce za a duba. Kwana biyu bayan haka aka kulle ƙasar gaba ɗaya, aka tsayar da duk wani aikin gini.

Lafiyata ƙalau, an yi mini allurar farko. Amma garin ba daɗi. Daga hawa na goma sha huɗu ba abin da nake ji sai jiniyar motar asibiti, wata na wucewa wata na tahowa. Kedai mamak, gidan abincin da ke ƙasanmu, sai dai ka yi tapau, wato a ƙunshe maka ka wuce, ba zama. Mutane sun fara maƙala farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare a gidan. Jiya na ƙirga bakwai a benen da ke kallonmu.

Sauran ma'aikata sun watse. Pak Sugeng ba shi da inda za shi, don ɗakin da suke haya su goma ne a ciki kuma cutar ta shiga. Ya shimfiɗa tabarmarsa a kolong. Shi kaɗai ne a gidan, ni kuma ba ni da takardar da zan wuce shingen 'yan sanda da ita.

Shekaranjiya ya turo mini bidiyo. Ya ajiye lemon tsami a daɓen babban ɗaki, ya sake shi. Lemon ya tsaya kaɗan, sannan ya fara mirgina da kansa, a hankali, har ya je ya tsaya daidai kan ginshiƙin tsakiya. Ya ɗauko ya kai wata kusurwa, nan ma ya dawo wuri ɗaya. Ya ce tunda motoci suka ɗauke, ko da tsakar rana yana jin katakon yana ƙara a samansa.

Bai jira izinin kowa ba, ya yanka katakai huɗu masu kauri ya tokare babban katakon da ke gicciye a kan ginshiƙin. Ya ce tun da ya sa madogaran ƙarar ta tsaya.

Ka yi mana addu'a.

Ulfa


Kwarbai
3 ga Yuli

Ulfa,

Gaisuwa da sa albarka. Muna lafiya, ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa.

Mutumin nan ya yi abin da zan yi. Ki gaya masa haka, ki ce in ji ni. Amma ki ƙara masa da cewa ya ɗauke tabarmarsa daga ƙarƙashin gidan. Ko a gindin bishiya ne ya fi. Madogari aron ƙafa ne, ba warkewa ba.

Ban ji daɗin labarin lemon nan ba. Na kalli bidiyon sau uku, Ɗelu ta ce in ajiye wayar in ci abinci.

In abinci ya yanke miki ki faɗa, kada ki yi kunya.

Haza wassalam.
Kawunki


Danau Kota
2 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ku. Inna ta ce zazzaɓi ya taɓa ka, Allah ya ƙara sauƙi. Ka sha maganin har ya ƙare. Ni an yi mini allura ta biyu, kuma an buɗe aiki tun tsakiyar watan jiya.

Na koma gidan. Pak Sugeng ya rame, amma bai zauna haka nan ba. Ya kankare ruɓaɓɓen wurin, ya cusa sabon katako, ya ɗaure ginshiƙin da ƙarfe mai faɗi daga ƙasa har ƙirji, da noti goma sha biyu. Ga hotuna nan. An kafa gilashin kolong, an shimfiɗa daɓe, falon ya fito kamar a mafarki. Sai dai madogaran nan huɗu suna tsaye a tsakiyarsa, ɗanyen katako da ƙusoshi a waje.

Datin ta ce a cire su. Wata mujallar gidaje za ta turo mai hoto ranar goma sha ɗaya, mahaifiyarta kuma za ta tare ranar ashirin. Injiniyan ya sake leƙawa ta waya ya ce ƙarfen ya wadatar. Pak Sugeng ya ce tak boleh, ba zai yiwu ba, sai an sauke bahon tukuna. Datin ta ce ba za ta tsaya musu da kafinta ba, ni ce mai kula da wurin, in yanke. Ta kuma tuna mini cewa ita za ta rubuta wa makaranta rahoton aikina.

Ni dai ban san na wa zan bi ba. Injiniya yana da takarda, Pak Sugeng yana da hannu. Kai kaɗai ne ba ka da abin samu ko rasawa a ciki. Ka dubi hotunan ka gaya mini: a cire ko a bari? Ina bukatar amsa kafin ranar bakwai.

Taka,
Ulfa


Kwarbai
5 ga Satumba

Ulfa,

Gaisuwa. Jikin ya matsa, hannuna na rawa, ba zan tsawaita ba. Anjima za a kai ni asibiti.

Na ga ɗaurin ƙarfen. Aiki ne mai kyau, mutumin ya san abin da yake yi.
Kada ki cire madogaran nan,
ba na jin ginshiƙin zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki


Danau Kota
6 ga Satumba

Kawu,

Sannu da jiki, Allah ya tashi kafaɗarka. Na gode da ka daure ka rubuto kana cikin wannan hali.

Hoton ya ɗan yi duhu, kuma yatsanka ya rufe gefen hagu daga ƙasa, amma na karanta abin da nake bukata: aikin ƙarfen ya yi kyau, "ki cire madogaran nan, ginshiƙin zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai." Wallahi kamar an sauke mini dutse daga ka.

Yau da safe na gaya wa Pak Sugeng. Ya girgiza kai, ya sake cewa tak boleh. Sai na ce masa kai ne ka ce. Ya tambaye ni sau biyu, "Tukang ɗin Zariya? Ya ga hotunan?" Na ce ka gani. Sai ya ɗauko gudumarsa. Ɗaya bayan ɗaya ya buge su, yana tsayawa yana saurare bayan kowanne. Ba abin da ya motsa.

Falon yanzu ya buɗe tar, haske ta ko'ina. Ka warke ka ga hotunan mujalla.

Taka,
Ulfa


Kwarbai
14 ga Satumba

Ulfa,

Yau aka sallamo ni, yanzu na kunna waya na ga saƙonki na kwana takwas.

BAN CE KI CIRE BA. Cewa na yi KADA ki cire. Cewa na yi BA NA JIN zai ɗauka. Ga takardar nan na sake ɗaukar ta a rana, Ɗelu ce ta riƙe wayar.

Ki bar duk abin da kike yi. A mayar da madogaran yau, ba gobe ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin gidan sai mai tokarewa, shi ma ya fara daga bakin ƙofa. Kada a tara ruwa a bahon. Kada tsohuwar nan ta tare.

Na sa Ɗelu ta kira ki sau biyar, wayarki a kashe. Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce.

Kawunki


Kwarbai
21 ga Satumba

'Yata,

Gaisuwa. Mako guda ke nan. Waya ta nuna kin buɗe takardata, amma ba ki ce komai ba. Ɗelu ta ce wataƙila cutar ce ta kama ki kina ɓoye mana. Ni ba wannan nake tsoro ba.

Jiya ashirin ga wata. Tsohuwar ta tare?

Ko mene ne ya faru, ni ne na rene ki. Ki rubuto.

Kawunki Ashafa


Danau Kota
26 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ku. Jikina lafiya, ku kwantar da hankali a kan wannan. Tsohuwar ba ta tare ba.

Takardarka ta makara da kwana ɗaya. Ranar goma sha ɗaya mai hoto ya zo, ya ce a cika bahon da ruwa a watsa furanni a kai. Aka cika, kuma ba wanda ya tuna ya zubar. Ranar goma sha uku bayan la'asar hadari ya haɗo, irin na garin nan mai iska. Ina can Jalan Masjid India ina zaɓen yadin matasai. Pak Sugeng yana falon ƙasa shi kaɗai yana goge daɓe.

Maƙwabta sun ce ba su ji wata babbar ƙara ba da farko, sai kamar an karya rake. Ginshiƙin ya karye daidai saman ɗaurin ƙarfen. Bahon ya huda daɓen sama ya sauko da rabin ɗakin. Sai da masu kashe gobara suka yi awa biyu kafin su zaro shi. Yana da rai. An yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, kuma har yau bai gama dawowa hayyacinsa ba. Ba a barin kowa ya shiga wurinsa.

Washegari na buɗe takardarka a bakin asibiti. Na karanta, na kashe wayar.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jami'an da ke binciken haɗarin wurin aiki sun kira ni ranar Alhamis mai zuwa. Lauyan Datin ya kawo mini rubutaccen bayani in sa hannu, cewa kafinta ne ya cire madogaran a kan ra'ayin kansa. Ya ce ba wanda zai cutu fiye da yadda ya riga ya cutu: takardar aikin Pak Sugeng ta ƙare tun lokacin kulle, gida za a mayar da shi ko ta yaya. Ya ce in kuwa na ce ni na ba da umarni, ɗaliba baƙuwa da ba injiniya ba, to in yi ban kwana da digirina, wataƙila da bizata ma. Da baki na ba da umarnin, ba a rubuce ba. Daga ni sai shi sai kai muka sani.

Kuma kada ka ɗora wa yatsanka. Na ga duhun nan a gefen takardar. Na san akwai rubutu a ƙarƙashinsa. Da na ce Inna ta sake ɗauka, minti biyu ne. Ban ce ba, don abin da ya rage a fili shi ne amsar da nake so.

Takardar lauyan tana kan teburina. Ban sa hannu ba, ban kuma yaga ta ba.

Ulfa


Kwarbai
28 ga Satumba

'Yata Ulfa,

Gaisuwa da sa albarka. Alhamdu lillahi da kika rubuto. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba bawan nan nasa lafiya.

Zan gaya miki abin da ko Ɗelu ba ta sani ba. Shekara talatin da shida da suka wuce na rufa wani zaure a Tudun Wada. Azarar da aka kawo mini ba ta ƙosa ba, na gane tun da na ɗaga ta. Maigidan yana sauri saboda biki, ni kuma ina so a ce Ashafa ba ya saɓa rana. Na rufa. Damina ta biyu rufin ya sauko a kan wani tela mai suna Lawal da ke ɗinki a zauren, ya karya masa baya. Da mai unguwa ya tambaye ni, na ce ruwan bana ya yi yawa, ƙaddara ce. Kowa ya yarda, har Lawal.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a kan tabarma. Duk Juma'a nakan kai masa goro, shi kuma ya riƙe hannuna ya yi ta sa mini albarka, yana gaya wa mutane ba a samun irina. Ranar da ya rasu ni na gyara masa kabari. Ban taɓa gaya masa ba. Kin sha tambayata me ya sa ba na bin ta layin nan in za mu kasuwa. To kin ji.

Ba zan ce miki digiri ba komai ba ne. Na san abin da kika sha kafin ki kai nan. Amma ni na gwada ɗaya hanyar, na san inda take kaiwa, kuma ba na so miki ita.

In za ki faɗa, ki faɗa duka, har da nawa. Ki nuna musu hotuna biyun. Da sunana mutumin nan ya ɗaga gudumarsa, ba zan ɓuya a bayanki ba. In sun kore ki, ɗakinki yana nan.

Haza wassalam.
Kawunki Ashafa


Danau Kota
7 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma jiki ya ƙara ƙarfi. Ni lafiya lau, na fara iya cin abinci sosai.

Inna ta riga ta gaya maka a taƙaice, amma ga shi a rubuce. Ranar Alhamis ɗin nan na je. Na faɗa musu tun daga garin da nake sharewa a gindin ginshiƙi har zuwa safiyar da na ce a cire. Na nuna musu takardunka da bidiyon lemon, na ce Pak Sugeng ya ƙi sau biyu kafin ya yarda. Matar da ke rubutawa ta ɗago ta ce, "Kin gane abin da kike faɗa?" Na ce na gane.

Makaranta ta soke aikin gaba ɗaya, da gargaɗi a rubuce. Sai na sake wani daga farko, shekara guda ke nan ta tafi. Ba su taɓa bizata ba zuwa yanzu, amma sun ce maganar ba ta rufu ba. Injiniyan ma an kira shi. Datin ba ta sake ɗaukar wayata ba. An lulluɓe gidan da shuɗiyar tamfol, na wuce ta wurin sau ɗaya ban tsaya ba. An rubuta cewa Pak Sugeng ba shi da laifi, kuma za a ƙarasa masa magani kafin a mayar da shi Jawa a watan gobe.

Shekaranjiya aka fara barin masu allura biyu su shiga dubiya. Na yi masa tapau na miyar kaza irin ta garinsu. Na same shi a zaune a gado, ya tsufa da shekara goma. Na gaya masa komai da guntun Malayancina, har maganar takardarka da abin da na gani na ƙyale. Na roƙe shi gafara. Ya saurara har na gama, yana kallon robar miyar. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Ashe tukang ɗin bai ce a cire ba?" Na ce bai ce ba. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Na yi ta mamaki."

Da na miƙe zan tafi sai ya ce, "Cik Ulfa, taimaka ki rufe mini ƙafar hagu, sanyi take ji."

Na duba. Daga gwiwa zuwa ƙasa zanen gadon a shafe yake. Na jawo bargon na rufe wurin, na cusa gefensa ta ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba. Ya ce yanzu ta yi daidai.

Zan koma ranar Laraba. A gaida Inna.

Taka,
Ulfa